Ranar da Gora Ta Yi Gyatsa

Matso kusa, ja kujera ka zauna, ke ma ajiye wayar nan ki ba ni kunnenki. Labarin wani mai gyaran keken ɗinki zan ba ku, wanda duk mutanen benensu ke kira Baban Kifi.

Mutum ne siriri, mai tabarau ɗaure da zare ta baya. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakala, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen noti, ko'ina warin mai. Tun yana saurayi hannunsa ba ya iya zama shiru. In ya je gaisuwa gidanka ya ji ƙofa tana kuka, ba zai amsa gaisuwar da kyau ba sai ya ɗiga mata mai. Haka ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, har Auta, wadda mijinta ya tafi da ita wani gari mai nisa.

Kifin kuwa ba shi ya neme su ba. Wani tela ne da zai tashi daga unguwar ya ajiye masa akwatin gilashi a shago, ya ce a riƙe masa kwana biyu. Har yau ana jiran telan. Baban Kifi ya hau da akwatin falonsu a hawa na ƙarshe, ya zauna yana kallon jajayen kifayen nan masu jela kamar gyale, daga nan kuma shi ke nan, zuciya ta tafi. Akwai wani ƙato a cikinsu da ba ya komai sai ci da korar 'yan'uwansa, shi ya sa wa suna Manaja.

Matsalar ɗaya ce. Falon yana ƙarƙashin kwano, zafi yana shanye ruwan akwatin kullum. In ruwan ya sauka ya wuce bakin ɗan injin da ke tace shi, injin ya zuƙi iska ya ƙone, kifi su taso sama suna haki. Don haka kowace safiya sai ya ƙara ruwan da ya kwana a bokiti. Sau ɗaya ya taɓa barin aikin a hannun maƙwabcinsa mai wanki da guga, shi kuma bawan Allah ya ɗebo ruwa da bokitin da ya gama jiƙa kaya. Rabin kifin suka mutu suna ƙamshin sabulu. Tun daga ranar Baban Kifi bai sake kwana a wani gari ba. Bikin ɗan wansa, rashin lafiyar surukarsa, duk matarsa ce take zuwa ita kaɗai tana ba da haƙuri.

Sai ga Auta da ciki. Ta kira shi a waya ta ce, "Baba, in na haihu ba ka zo ba, na san matsayina. Ina bayan Manaja." Tana dariya ta faɗa, amma dariyar ba ta kai ƙarshen maganar ba, kuma ya ji.

Nan ya tashi haiƙan neman abin da zai riƙa ƙara ruwan da kansa. Ya fara da ƙwallon tankin bayan gida, ya haɗa shi da tiyo da bokiti a kan kabad. Ƙwallon ya maƙale, ruwa ya cika ya tumbatsa, matarsa ta wuni tana matse kafet tana yi masa kallon da ya fi magana. Ya samo siririn tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti. Wannan kuma bai san an ƙoshi ba, ɗiga kawai yake yi ko ana so ko ba a so.

Dabarar ta same shi ne a gidan wata mai kiwon kaji, inda ya je gyaran keke. Ya ga gora a kife cikin faranti, 'yan tsaki suna sha, ruwan bai zube ba, bai kuma ƙare ba. Ya durƙusa a gabanta da sukuddireba a hannu, har matar ta ce, "Malam, keken yana ɗaki, waɗannan lafiyarsu ƙalau."

Ya dawo gida kusan da gudu. Ya samo babbar gorar ruwa, ya huda murfin, ya zura tiyo mai kauri, ya liƙe gefen da gam ɗin faci don kada iska ta sami hanya. Ya kafa katako a bango, ya kife gorar a kai, bakin tiyon yana taɓa saman ruwan akwatin. Ya yi wa matarsa bayani: muddin bakin tiyon yana cikin ruwa, iska ba ta shiga, gora ba ta saki. Da ruwan ya sauka, iska ta kutsa, gora ta yi gyatsa, ta zubo daidai abin da ya ragu, ta yi shiru.

Washegari da safe waya ta zo: Auta ta sauka lafiya, mace. Kafin hantsi ƙanin matar Baban Kifi, wanda ke tuƙin tasi, ya faka a ƙofar bene yana danna hon. Matar ta fito da jakunkuna. Baban Kifi kuwa yana kan kujera a gaban akwati, da takalmi ƙafa ɗaya.

"Malam, tashi mana."

"Ba ta yi ba tukuna."

"Wace ce?"

"Gorar. Sai na ji da kunnena."

Direba ya hawo yana kaɗa makulli. "Mijin Yaya, ɗebi kofi ɗaya ka zubar mana, ta yi abinta mu tafi."

"A'a. Wannan ai satar jarrabawa ce. Sai zafi ya sha da kansa."

"To ni da rana ta karkata zan kama hanya, ko da kai ko ba kai. Fitilata ɗaya ce, ita ma sai ta ga dama."

Kafin ka ce me, labari ya zaga bene cewa ana jiran gora ta yi gyatsa. Mai guga ya shigo ya raɓe a bakin ƙofa, don har yanzu ba a yarda ya kusanci akwatin ba. Mai kitso ta hawa na biyu ta zo da wadda take yi wa kitso, rabin kai a tsefe. Aka buɗe tagogi, aka juya fanka tana hura saman ruwan. Mai guga ya ce ko ya kawo dutsen guga a riƙe a sama, aka ce ya rufa wa kifi asiri. Ɗaki ya yi tsit, kowa ya kasa kunne. Can aka ji wani ƙulululu, Baban Kifi ya zabura.

"Cikina ne," in ji Direba. "Ban karya ba."

Mai kitso ta yi dariya har ta saki gashin mutane. Manaja ya zo gaban gilashi yana buɗe baki yana kallonsu, kamar shi ne mai gidan.

Rana tana ta tafiya. Baban Kifi yana dariya tare da su, amma idonsa yana kan bakin tiyon, kuma muryar Auta tana masa yawo a kai. Matarsa ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, a hankali, "Malam, ka kuwa kulle shago? Kamar na ga kwaɗon a buɗe."

Ya sauka da sauri. Kwaɗo a kulle yake garam. Yana hawowa, ya kai tsakiyar matakala, sai ya ji ta: ƙulum, ƙulum, ƙulum. Ya haɗa matakala bibbiyu kamar ɗan makaranta. Ya tarar da manyan kumfa suna hawa cikin gorar, ruwa yana sauka, har ya rufe bakin tiyon, komai ya tsaya cak.

Wayyo, zo ka ga dattijo. Ya rungume Direba, ya yi musabaha da mai guga har sau ba adadi, ya ce masa daga yau ya yafe sabulun. Ya taka rawa da takalmi ɗaya a tsakiyar kafet. Bai lura ba cewa mai kitso tana kallon silin tana cije leɓe, mai guga kuma ya dage da karanta kalandar bango.

Sun yi nisa a hanya, yana ta ba Direba darasin iska da ruwa, sai ya juya zai tambayi matarsa ko jaririyar za ta yi kama da shi. Nan ya ga hannun rigarta a jiƙe har wuyan hannu, da ɗan koren ganyen cikin akwatin maƙale a jiki. Ita kuwa tana kallon taga abinta.

Ya ƙura wa ganyen ido. Ya auna a ransa: ko zafi ya sha, ko mata ta ɗiba, gora dai ta ji an rage ta mayar. Ya miƙa hannu ya cire ganyen, ya sa a aljihu.

"Mene ne?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Zare ne," ya ce. "Direba, taka motar nan mana, ana jirana."

To kai da ka ji labarin, in kai ne a kujerar nan, za ka gaya mata ka gani, ko za ka bar ta da nasararta?