Baba Hananiya da Ciyawar da Ruwa Ya Kusa Kashewa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Hananiya ya riga ya sauka daga motar ma'aikata da ke ɗauko su daga unguwar Mansura zuwa wani filin atisayen ƙwallo a Al Rayyan, can ƙasar da aka yi gasar kofin duniya. Ba ya fara taɓa famfo. Takalmi yake cirewa ya taka ciyawar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inda ya ji ƙasa ta lotsa, sai ya durƙusa ya tura yatsa, ya shinshina. Shekara goma sha uku ke nan yana haka tun barinsa Kagoro, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Lokacin korona, da aka killace abokan aikinsa, shi da mutum biyu suka riƙe filin wata huɗu, takunkumi a fuska, cikin zafin da ke dafa mutum a tsaye. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne saura mako uku a fara gasar kofin duniya. Injiniya Umar Faruq, mai kula da bututan filin, shi ya ba ni labarin, don a gabansa aka yi.

An watsa sabon irin ciyawa, ana ba shi ruwa sau biyar a rana. Sai gefen gabas ya fara yin rawaya. Manajan kamfanin, wanda aka riga aka sanar da shi ranar isowar 'yan wasa, ya duba ya ce ƙishi ne, a ninka ruwan.

Baba Hananiya ya tuge dunƙule guda ya miƙa masa. Saiwar ta yi baƙi, tana yauƙi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ciyawar nan ba ƙishi take ji ba, nutsewa take yi. Saiwa ma tana son iska."

Manaja ya ce, "Ba shawara na zo nema ba. A ƙara ruwa, khalas, shi ke nan!"

Yana juya baya, Baba ya dubi Umar Faruq. "Injiniya, rufe mini layin gabas kwana huɗu."

"Baba, in ta mutu kafil, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, zai soke maka takardar zama. Ni ma ban tsira ba."

"In ka buɗe, ta mutu an gama. In ka rufe, wataƙila ta tashi. Ni zan je in gaya wa manaja da bakina."

Ya kuwa je. Manaja ya ce ya ba shi kwana huɗun, in ba ta farfaɗo ba ya haɗa kayansa.

Baba ya shiga huda ƙasar da ƙarfe mai tsini, yana cika ramukan da yashi. Ya bi magudanar da ke ƙarƙashin filin yana tono, har ya iske inda laka ta toshe ta, baƙin ruwa ya yi ta bulbulowa. Rana ta biyu ciyawar ta ƙara yaushi. Umar Faruq ya ce sau biyu hannunsa na kai kan famfo yana janyewa. Rana ta uku manaja ya zagayo da takardar sallamar Baba a hannu. Baba bai iya cin abinci ba ranar.

Da hantsin rana ta huɗu ya sake tuge dunƙule a gaban kowa. Ga fararen saiwoyi sirara kamar zare sun ɓullo a jikin baƙaƙen. Manaja ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, sannan ya naɗe takardar ya sa aljihu.

Ya ce, "Sau nawa za a riƙa ba ta?"

"Sau ɗaya da sassafe, ya ratsa sosai. In ƙasa na da danshi, a ƙyale ta."

'Yan wasa suka zo, suka yi atisaye, suka tafi. Babu wanda ya tambayi sunan mai ciyawar.

Baba Hananiya, kai ne ka san ruwa abokin aiki ne amma in ya yi yawa kisa yake. Kai ne ka gaya wa na sama da kai gaskiya alhali zamanka a ƙasar nan na hannunsa, kuma ba ka laɓe bayan kowa ba. Mun gode, Allah ya kai ka gida lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwar da durƙuso ya bar maka.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, duk ranar da muka ga ɓarna na tafe, kada tsoron takarda ya rufe mana baki.