Foldar da Ba Ta da Suna

Shekara ashirin da takwas Hajiya Murjanatu ta yi tana buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukumarsu ta Sandamu, tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta. Da ta yi ritaya sai ta sayi tata ƙarama, ta ɗora a tebur kusa da taga, ta lulluɓe ta da tsohon mayafi. Mace ce da ba ta shiri da tarkace. Ko cokali ta gani inda ba muhallinsa ba, ranar sai kowa a gidan ya ji a jikinsa.

Haka ta tsara cikin kwamfutar. Kowa da foldarsa. Ta Yasmin, 'yarta, a ciki akwai ta biki, akwai ta suna. Ta Auta cike take da takardun makaranta. Wa'azi ma ta raba shi shekara-shekara. Duk Juma'a da hantsi takan jona wayarta, ta kwashe abin da ya taru, ta raɗa wa kowane fayil suna, ta kai shi gidansa. Hoton da bai fito da kyau ba kuwa, ba ta tausayinsa, gogewa take yi nan take.

Mutum ɗaya ne ba shi da folda mai sunansa: Harisu, ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari ta gada, kuma ta riƙe ta fiye da yadda uwarta ma ta riƙe. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ya tashi yana ce wa Murjanatu Yaya, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuwa “yaron nan” take cewa, har ya yi gemu, ya zama ɗan kasuwar dabbobi, ya yi aure. Sunan da baki bai faɗa ba, hannu ma ya ƙi rubutawa. Saboda haka duk abin da ya shafe shi sai ta zuba a wata folda da ta buɗe ta bar ta da sunan da kwamfuta ta ba ta, can ƙasa, bayan ta wa'azi. Fayilolin ciki babu mai suna, lambobi ne zalla.

Shi kuma Allah ya yi shi da son aika saƙon murya. Daga kasuwar Mai'adua zai aiko, daga Kongolam zai aiko, wani lokaci ba wata magana sai farashin raguna. Takan saurara idan babu kowa, sannan ta ce wa Auta, “Ka ce masa an ji.”

Hatsarin mota ne ya yi ajalinsa a hanyar dawowa daga kasuwa, wayarsa ma ta farfashe a wurin. A zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yi ta yabon haƙurinta, suna cewa irin su Hajiya sun ƙare. Wannan yabo shi ya ƙarasa kulle ta. Kullum da safe takan cire mayafin, ta kunna kwamfutar, ta tsaya tana kallon foldar nan. Ba ta iya buɗewa, ba ta iya gogewa, ba ta kuma iya gaya wa kowa cewa tana nan.

Saura kwana uku Haulatu, matar marigayin, ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Zango, sai ta shigo ta durƙusa, da 'yarta Amatullah mai shekara biyu a goye.

“Hajiya, ko akwai wani abu na muryarsa a wurinki? Ni kira yake yi mini, bai taɓa aiko mini saƙo ba. Ina tsoron yarinyar nan ta tashi ba ta san muryar ubanta ba.”

Bakin Murjanatu ya riga zuciyarta. “Ni me zan ajiye na yaron nan?”

Haulatu ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita.

Kwana ukun nan Murjanatu ba ta ji daɗin abinci ba. Haushin kanta take ji, kuma ta rasa mafita. In ta ba da, surukarta za ta ga abin da ta ɓoye shekara da shekaru. In ta hana, ta zalunci marainiya. Ta sayi filash, ɗan abin kwasar fayiloli daga kwamfuta, ta saka a ƙasan matashi. Sau biyu tana ɗaukowa tana mayarwa.

Ranar tafiya, bayan azahar, mota ta zo, aka fara fitar da kaya. Haulatu ta shigo sallama. Murjanatu ba ta dube ta ba, ta ce, “Rufe ƙofar nan. Zauna.”

Ta jona filash ɗin, ta gangara har ƙasa, ta buɗe foldar. Lambobi suka cika allon, layi bayan layi.

“Hajiya, wanne ne nasa a ciki?”

“Duka.”

Haulatu ta karanta adadin da ke ƙasan allon: dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta ga hoton katin makarantarsa na firamare, ta ga na wani bijimi da ya fito dishi-dishi, irin wanda da na wani ne da tuni an goge. Ta ɗago ta kalli tsohuwar, ta yi sauri ta sunkuyar da kai.

Murjanatu ta buɗe sabuwar folda a filash ɗin. Kwamfuta ta tsaya tana jiran suna. Yatsun nan da suka buga sunayen mutanen ƙaramar hukuma guda suka tsaya cak a kan maɓallan. Ta ɗan tura wa Haulatu kwamfutar. Haulatu ta girgiza kai. Ita ma ba ta taɓa faɗar sunansa ba, balle a gaban uwarsa. Direba ya danna hon a waje. Haka aka bar ta babu suna, aka fara kwafa.

Amatullah ta zamo daga cinyar uwarta, ta kai hannu ta daddanna maɓallan kwamfutar. Sai ga hayaniyar kasuwa ta cika ɗakin, da kukan awaki, sannan muryarsa, yana dariya.

“Yaya, Harisu ne. Ba komai, gaishe ki kawai na ce bari in yi. Yaya? Kina ji na kuwa?”

Yarinyar ta waiga tana neman inda mutumin yake. Murjanatu ta matso da fuskarta kusa da kwamfutar, a gaban surukarta, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

“Ina jin ka,” in ji ta. “Ina jin ka.”

Saƙon ya riga ya ƙare.