Gwangwanin da Na Sa Kawu Sale Ya Ajiye

Shekara bakwai ke nan, in lissafina bai ɓace ba, da muka ɗauki Kawu Sale daga unguwar Ranuna muka kai shi maƙabartar Baƙi'a a nan Madina. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye alƙalami in ce wataƙila bai dace ba. Bana ba ni da wannan zaɓin. Mahaifina yana zaune a ɗakin da ke kusa da nawa, wata huɗu rabonsa da masallaci, kuma mutumin da ya san yadda ake tayar da irinsa yana cikin ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da na sani game da Kawu, har da wanda ba zai yi mini daɗi ba.

Wan mahaifiyata ne. Ya yi kokawa a ƙuruciyarsa a ƙasar Gobir, daga baya ya biyo mahajjata da ƙafa ta Sudan, ya sauke farali, ya zauna. Da na zo karatu jami'a, a gidansa na sauka. Gadin wata gonar dabino yake yi, kuma a bakin gonar akwai fili mai inuwa inda tsofaffinmu kan taru bayan fitowar rana. Ba hira ke kawo su ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, da masu ciwon nan na karkarwa da ke sa hannu rawa ƙafa kuma ta kafe, duk wurin Kawu ake rako su.

Bai taɓa kiran kansa mai magani ba. Yakan ce tsoho ba ya tsoron mutuwa kamar yadda yake tsoron ya yi sujada ya kasa ɗagowa, shi ya sa duk aikinsa daga nan yake farawa. Zai zaunar da mutum a dakali ya ce ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, har sai gumi ya keto. Zai ba shi galan mai rabin ruwa ya ɗaga, duk mako a ƙara kofi ɗaya. Ga masu kafewar ƙafa kuwa, sai ya jera rassan dabino a ƙasa su riƙa tsallakewa, shi kuma yana biye da su riƙe da wani tsohon gwangwanin man shanu da ɗan kara, yana bugawa. Da idona na ga mutumin da ya tsaya cik kamar an dasa shi, da jin bugun nan ƙafarsa ta ɗaga. Ranar Asabar sukan taka gaba ɗayansu zuwa masallacin Ƙuba, tafiyar da lafiyayye zai yi kafin shayi ya huce, su sai hantsi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, zama ne ke hanawa.

A shekarata ta uku a jami'a na fara jin nauyin gwangwanin nan. Ina so mai karatu ya yi mini adalci ko kaɗan ne: na karanta saɓanin malamai a kan kiɗa, ga mu a garin Manzon Allah, ga mu baƙi masu zama da takarda. Na yi ta tunanin ranar da wani maƙwabci zai ce Takaru, kamar yadda ake kiranmu a nan, sun kafa ganga a hanyar Ƙuba. Ba wanda ya faɗi haka. Ni ne na faɗa wa kaina, har na yarda. Wata safiya na same shi yana wanke galan-galan, na yi ta kewaye-kewaye a kan maganar gwangwanin. Ya saurara har na gama.

"Ustazu," haka yake kirana in zai tsokane ni, "ni ban yi karatu ba. Haram ne ko ba haram ba?"

"Ban ce haram ba ne, Kawu. Amma barinsa ya fi tsira."

"Tsirar wa?"

Kawu mutum ne mai girmama ilimi fiye da yadda mai ilimin ya cancanta. Washegari ya fito ba gwangwani. Ya koma ƙirga da baki, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, alhali numfashinsa na tsufa ba ya kai shi nisa. Wasu sun ci gaba da tafiya haka. Wani dattijo da ake kira Malam Idi, wanda karkarwarsa ta fi ta kowa, ya yi kwana uku yana kafewa a gaban reshe na farko, a na huɗu bai zo ba. Ya zauna a gida har Allah ya karɓi abinsa. Ban ce ni na zaunar da shi ba, ciwon dama mai ci gaba ne, kuma ajali na Allah ne. Amma ban iya cewa ba ni ba ne. Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya, kuma ina jin wannan shirun ya fi mini zagi zafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Madinar yau. Gonar da yake gadi ta zama gidajen siminti. Tituna sun yi faɗi, mai sanda ba ya iya tsallaka su kafin motoci su taso. Keken marasa lafiya ya samu a kantuna, kuma 'ya'yan da Allah ya buɗa wa sukan ɗauki tsohonsu a mota su dire shi a ƙofar masallaci, su ga sun yi birrul walidaini, wato kyautata wa iyaye. Wataƙila sun yi ɗin, ba ni da bakin zarginsu. Ina dai jin Kawu zai girgiza kai ya ce an saya wa tsoho hutu da ƙafafunsa. Ko kuma zai nemi inuwa ne kawai ya jera rassansa.

Bayan rasuwar mahaifiyata na samu na kawo Baba ya zauna tare da mu a unguwar Halidiyya, domin burinsa ya ƙare kwanakinsa a garin nan. Shekara biyu ke nan da hannunsa na dama ya fara rawa. Yanzu abin ya sauko ƙafa. Yakan miƙe, ya yi alwala, ya nufi ƙofa, da ya iso dokin ƙofar sai ya kafe, yana jin kiran salla, yana kallon hanya, ƙafa ta ƙi. Na sayo keke, ya dube shi ya ce bai zo Madina don a tura shi kamar buhun gero ba. Likitan da ke duba shi, wani Bamisire mai haƙuri, ya ba da ƙwayoyi, ya kuma gaya mini a fili cewa magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, in ya ƙara wasu watanni a zaune da wuya ya sake miƙewa. Sannan ya ɗauki alƙalaminsa ya fara buga tebur, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya ce wa Baba ya bi. Baba ya yi taku uku. Ni kuwa na san bugun nan, na kuma san wanda na hana yin sa.

Na koma gida na sami gwangwani da cokali. Na buga, Baba bai motsa ba. Na rage sauri, na ƙara, na sake ragewa. Da ya gaji da tsayuwa ya dafa bango ya ce, "Kai, Habu, ko bugun naka ma shakka yake yi." Ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Shekara huɗu ina kwana ina tashi a gidan mai abin, rijiya ta bayar guga ya hana.

Cikin tsofaffin filin nan mutum ɗaya na san ya rage, Alhaji Tanko, wanda Kawu ya tayar bayan shanyewar ɓarin jiki. Yana sayar da carbi da dabino a rumfunan Uhudu. Na yi mako biyu ina ɗaga zuwan saboda kunya, sannan na je.

"Ustazu da kansa," ya ce. "Sayayya ka zo yi, ko wata fatawar ka kawo mana?"

Na gaya masa halin da Baba yake ciki, na roƙe shi ya koya mini bugun Kawu. Ya ce babu wani abu wai shi bugun Sale. Kowane mutum da nasa. Sale yakan yi kwanaki yana kallon mutum kawai, yana tambayarsa sana'ar da ya yi da ƙuruciya, kafin ya taɓa gwangwani, domin abin da yake nema shi ne tafiyar da mutum ya yi tun yana da ƙarfi. "Ita ce ke kwance a ƙafar, ya'ni," in ji shi, "tashinta ake yi." Ya tambaye ni yadda Baba yake tafiya a da. Na bar gida ina shekara goma sha biyu neman karatu. Na san ra'ayin malamai huɗu a kan mas'aloli da yawa, amma ban san yadda ubana yake taka ƙasa ba.

Asabar ɗin da ta wuce Alhaji Tanko ya rufe rumfarsa ya zo, yana jan ƙafar hagu. Suka gaisa da Baba kamar sun daɗe da sanin juna. Ya tambaye shi aikinsa a gida, Baba ya ce lambu ya yi a fadama, shekara da shekaru yana ɗaukar ruwa a kafaɗa daga rafi. Alhaji Tanko ya ce to mai ɗauke da ruwa ba ya dogon taku, gajere yake yi da sauri kada ruwan ya zube. Ya sa aka buɗe ƙofa, ya zauna a bakin titi inda kowa ke gani, ya kifa gwangwanin a cinyarsa, ya fara bugawa da hannunsa mai lafiya. Sau uku yana canzawa. A na huɗu Baba ya tsallake dokin ƙofar. Taku shida ya yi a waje, rana na dukan fuskarsa, kafin ƙafar ta sake kafewa muka riƙo shi muka dawo da shi. Daga inda ya tsaya zuwa masallacin unguwa, na auna daga baya, saura taku talatin da huɗu.

Alhaji Tanko ba zai iya zuwa kullum ba. Shi ma jikin ya ja, kuma daga Uhudu zuwa nan ba kusa ba ne ga mai jan ƙafa. Da zai tafi ya miƙa mini gwangwanin ya ce, "Ka ji bugun dai? To riƙe shi, in ya kuɓuce maka ba ni da tabbacin zan sake samo shi."

Idan na auna abin da ya rage na Kawu Sale, ba shi da yawa a ido. Kabarinsa ba alama, kamar na kowa a Baƙi'a. Bai bar littafi ba, bai bar magaji ba, wanda ya fi kusa da gadon kuma shi ne ya sa aka rufe shi. Abin da ya rage yana cikin ƙafar hagun wani tsoho mai sayar da carbi, da taku shida da mahaifina ya yi a bakin ƙofa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa shi ma ya yafe mini.

Gobe da safe ni kaɗai zan buga wa Baba. Da hannun dama nake wannan rubutu, hagun kuwa tun ranar Asabar yana kan cinyata yana bugawa, a ofis, a mota, a kan tabarmar cin abinci, don kada abin ya tsere mini. Ina jin har yanzu daidai yake. Sai dai tun jiya nake zargin ya ɗan ƙara sauri, kuma babu wanda zan tambaya.