Malam Tanimu da Hannun Hagun Rakiya

"Ke na tambaya?" Duk wanda ya zauna da marigayi Malam Tanimu ya san wannan tambayar, kuma na rantse a cikinku akwai waɗanda ta taɓa sauka a kansu. Uwa za ta kawo ɗanta makarantarmu ta yara masu lalurar ji da magana, can wajen Doka. Malam zai naɗe babbar riga ya zauna daɓas a ƙasa gaban yaron, ya ce, "Samari, me kake so ka ci?" Uwa, baiwar Allah, sai ta yi caraf ta ce, "Ai shinkafa yake so." Nan zai ɗago ya leƙo ta ta saman tabarau. "Ke na tambaya? In ke za a yi wa allon, matso ki zauna." Daga nan sai jira. Wallahi na sha yin gyangyaɗi a tsaye, shi ko ya zuba wa yaro ido har sai ya motsa yatsa ko ya juya ƙwayar ido.

Aikinsa ke nan: ya duba kowane yaro ya gano abin da zai riƙa magana da shi, ko na'urar ji, ko allon hotuna da zai dinga nunawa, ko akwatin nan mai batir da ake dannawa ya yi magana. Ni lissafi nake koyarwa, amma tun cikin shekarun tamanin na zama direbansa, don ni ke da babur, Besfa. Shi ya ce sayen abin hawa almubazzaranci ne tunda Allah Ya ba shi aboki. Ga shi ba ya yanke hukunci a ofis. "Yaro a ofis baƙo ne," in ji shi, "sai na gan shi a gidansu." Abin mamaki, ziyarar nan ba ta taɓa faɗowa sai daidai lokacin da ake kwashe tuwo. Na ce, "Malam, wannan bincike ne ko kwaɗayi?" Ya ce, "Isiyaku, tuƙa kawai. Abin ya fi ƙarfin lissafi."

Maganar tsumulmula kuwa, kar ma a fara. Batirin da ya mutu ba ya jefarwa, sai ya shanya shi a kan kwanon rufin ofis kamar kuɓewa, ya ce rana za ta farfaɗo da shi. Almakashi ba ya barin aljihunsa. Kwalin madara, kwalin sabulu, kalandar bara, har ta bana idan ka yi sake, duk sai ya yanke ya manna wa yara a allo. Ran nan na nemi ƙaramin hotona na rasa, sai ga shi a allon wani yaro mai suna Audu, tsakanin hoton buta da na ƙosai. Na ce, "Malam, me nake yi a nan?" Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Kai ne 'ka cika surutu'. Na sa masa hoton rediyo bai gane ba, da na sa naka, nan take ya gane."

Da aka turo mana akwatunan magana kyauta daga Turai, kowa murna yake, ban da shi. Ya duba hotunan da ke kai: tuffa, dusar ƙanƙara, bahon wanka irin na Turawa. Ya ce, "Ɗan Unguwar Kanawa ya nemi dusar ƙanƙara ya yi me da ita?" Ya ɓamɓare su duka, ya sa koko, fura, tabarma, masai. Gurbin farko kuwa, a kowane akwati da kowane allo, "A'a" yake sawa. Ba a jima ba wata uwa ta zo ranta a ɓace. "Malam, da yarona mai biyayya ne. Yanzu wanka a'a, magani a'a, kunun da yake sha tun yana goye ma a'a!" Malam ya tafa hannu. "Allahu akbar! Da ma can ba ya so, baki ne babu. Ki je ki yi sadaka."

Amma wadda ta kusa hana shi cin goro ita ce Rakiya. Mahaifinta Bakatsine ne, direban tifa, suna zaune a Unguwar Kanawa tare da kakarta. An haife ta da lalurar da ta riƙe mata harshe, ta kuma sandarar mata da ɓarin dama. Idonta tar, kana gani ka san akwai mutum a ciki. Amma in an ajiye mata allo sai ta ɗago hannun dama da ƙyar yana karkarwa, ya faɗa duk inda ya ga dama. A ce nuna ruwa, ya sauka a kan akuya. Hedimasta ya ce gurbin ɗalibai kaɗan ne, masu jira da yawa, in zangon karatu ya ƙare ba ta nuna tana fahimta ba, dole a ba wani. Uban ya ce to shi ke nan, zai mayar da ita ƙauye. Mun san abin da wannan ke nufi: zaman ɗaki har abada. Malam ya gwada duk dabararsa, shiru. Har ramewa ya yi.

Muka je gidan, lokacin tuwo mana. Rakiya na fama da hannun dama, abin da ke zuba a zane ya fi wanda ke shiga baki. Sai ƙanenta ya miƙo hannu zai sace mata nama. Kai jama'a! Wani hannu ya fito daga ƙarƙashin zane kamar walƙiya, ya gantsara masa mintsini ya koma. Yaro ya tsala ihu. Kaka ta daka tsawa, "Rakiya! Hagu kuma? Mi na ce miki?" Malam ya saki lomar da ya ɗauko. Ranar na fara ganin ya bar tuwo bai gama ba.

Ashe lafiyayyen hannu gare ta. Tun tana ƙarama kaka ke buge shi: ba a ci da hagu, ba a karɓa da hagu, ba a nuna wa babba abu da hagu. Yarinyar nan ladabi take yi mana, mu kuma muna shirin korar ta. Malam ya roƙi tsohuwa, ta ce, "Ina raye jikata ba ta nuna ma manya abu da hagu." Ya ɗauko malamin makarantar allon unguwar, ya yi mata bayanin cewa lalura ce, addini ya sauƙaƙa. Tsohuwa ta daina buge hannun, amma ita Rakiya ta ƙi fito da shi.

Washegari Malam ya zo makaranta ya ɗaure hannun damansa a wuya da tsohon rawani. Na ce, "Subhanallahi, karaya ka yi?" Ya ce, "Karatu nake." Daga ranar komai da hagu. Mai goro a Kawo ya ƙi sayar masa. Liman ya harare shi da ya miƙa hannu a gaisa. Matarsa ta ce in bai kwance ba ya nemi mai ba shi abinci. A bayan Besfa saura ƙiris ya zubar da mu a kwata, na zage shi tas, bai ko kula ni ba. Kullum sai ya je gaban Rakiya ya ci tuwo da hagu, miyar kuka na bin gemu har ƙirji, ita ko tana ƙyaƙyata dariya. Rannan tsohuwa ta gaji da ganin dattijo yana wulaƙanta kansa. Da kanta ta zaro hannun hagun Rakiya ta ɗora a kan allo, ta ce, "Nuna mishi, ɗiyata, kafin ya ƙarar muna da miya."

Ranar gwaji gaban hedimasta ba ta kuskure ko ɗaya ba. Hedimasta ya ce, "To Rakiya, akwai abin da kike so ki faɗa mana?" Ta nuna hoton sabulu, ta nuna buta, sannan ta nuna gemun Malam. Ofis ya kaure da dariya, shi kuwa Malam ya juya baya yana goge tabarau, wai ƙura ce. Ƙarya yake, kuka yake yi. Rakiya ta zauna a makaranta, har ta bar hotuna ta koma allon haruffa.

Malam kuwa, Allah Ya karɓi abinsa a ƙarshen shekarun casa'in. Ranar sadakar uku aka turo Rakiya a kekenta, ta zama budurwa. Ta yafuto ni, na durƙusa, tana nuna haruffa da hannun hagu ina haɗawa da ƙarfi don jama'a su ji. Abin da ta ce shi ne, "Allah Ya ba shi littafinsa a hannun dama."

Amin, Rakiya, amin. Allah Ya haskaka kabarinka, Malam, Ya sa ka huta.