Adireshin Dawar Maƙwabcina

Gonar da na gada a wajen mahaifina tana wajen Tsiga, kuma iyakarta ta gabas ita ce iyakar gonar wani dattijo Bamaguje. Babu shinge a tsakaninmu, sai jerin gamba da iyayenmu suka dasa. Ya girme ni da 'yan shekaru. Tun ina ƙarami yake kirana Ɗan Malam, har furfura ta cika mini gemu bai canza ba. Ni kuma Yaya nake ce masa. Yana kan al'adar kakanninsa, ni ina kan sallata, kuma ba mu taɓa zama mun yi gardama a kan wannan ba. In muna gona rana ta goce, shi yake fara ɗaga kai ya ce mini lokacina ya yi, in je in gaida Ubangijina kada in ja a hana mu ruwa.

Gidansu suna da wani irin dawa da suka gada. Kaura ce, ba ta da tsawo sosai, iska ba ta kayar da ita, kuma wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da take tsotse dawa tun daga saiwa, ba ta cika cin ƙarfinta ba. Kowace kaka, kafin a sa lauje, Yaya yakan bi kunya-kunya shi kaɗai yana zaɓen zangarniya. Wadda ta yi masa sai ya yanke, ya ɗaure, ya rataye a saman murhu inda hayaƙi zai kore mata ƙwari. Ba ya bari kowa ya yi masa wannan zaɓen. Mutane suka sa wa irin sunan unguwarsu, da shi ake nemansa. Ana zuwa daga Mahuta, ana zuwa daga Musawa a kan babur, in damina ta ƙarato, a sayi tiya biyu ko uku.

Ni kuwa ban da noma, abin da Allah ya ba ni shi ne rubutun ajami. A hannun mahaifina na koya, shi ma a hannun nasa. Da wayoyin nan masu shafawa suka yawaita, babban ɗana da yake aiki a Zariya ya buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta. Nakan rubuta layi biyu ko uku a takarda da tawada, in ɗauki hoto in sa, in bi da bayanin yadda ake karantawa. Ban zaci kowa zai kula ba. Sai ga mutane suna ta shigowa, malaman makaranta, ɗalibai, tsofaffin da suka manta abin da aka koya musu, har da Hausawan da suke ƙasashen waje. Wata safiya ina shan koko saƙo ya fito a wayar, ɗana ya fassara mini da na kira shi: wai shafina ya tara mabiya da yawa, an ba ni dama in zaɓi gajeren adireshi da sunan da nake so. Na zaɓa kafin kokon ya huce. Ban san wani abu ne da ake nema ba, ban kuma san akwai waɗanda ba a ba su ba.

'Yar Yaya ce ta fahimtar da ni. Ita ce babbar 'yarsa, ta yi karatun aikin gona, tana aikin malamar gona a Malumfashi. Coci take zuwa, uban bai hana ta ba. Wata ranar Asabar da hantsi ta zo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta shiga ciki ta gaida iyalina, sannan ta dawo zaure ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ta buɗe wa irin babanta shafi. Tana so manoman nesa su san shi, tana kuma so ta buga adireshin shafin a jikin ƙananan buhunan da za su riƙa zuba irin, don wanda ya saya ya san inda zai koma, kuma kada a sayar wa mutane wata dawa da sunan tasu. Ta miƙo mini wayarta ta nuna mini adireshin da aka ba ta. Wani dogon jeri ne na lambobi, ya kusa cika layi biyu. Babu mai iya riƙe shi a ka, babu mai iya karanta shi ga wani ta waya, kuma ta ce da ta kai wa mai buga buhu dariya ya yi ya tambaye ta ko buhun kilo ɗari za ta yi wa tiya ɗaya.

Na ce to ta zaɓi gajere mana, kamar yadda na yi.

Ta ce ba a ba kowa. Sai shafi ya kai wani adadi na mabiya da masu dandalin suka ƙayyade, nata kuwa ko rabi bai kai ba. Waɗanda suka san irin, suka ci amfaninsa, yawancinsu ƙaramar waya gare su, ta kira da amsawa. A unguwarsu ma sai an hau kan dutsen bayan gida ake samun sabis. Ta roƙi abokan aikinta da 'yan cocinsu na kusa, sun bi, amma da saura.

"Baba Malam, gayya na zo nema," in ji ta. "Ba ta fartanya ba. Ka rubuta layi ɗaya kawai a shafinka, ka ce wa mutanenka su bi nawa. Kai ma ai irin kake shukawa, ba ƙarya za ka yi ba."

Gaskiyarta. Shekara da shekaru dawar da iyalina suke ci daga wannan irin take, kuma Yaya bai taɓa bari na ciro ko sisi a kansa ba. Na ce mata, "Insha Allahu zan yi, 'yata." Ta yi godiya ta tafi tana murna.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da ban faɗa mata ba. Watanni kaɗan kafin zuwanta, wani ɗan kasuwa Kirista da ya daɗe a Funtua ya rasu, mutumin kirki, na rubuta gaisuwa ga iyalinsa a shafina. Mutum biyu ko uku suka yi mini ca a ƙarƙashin rubutun. Ɗaya ya ce bai san malamin ajami ya koma haka ba. Maganar ta zauna mini a rai fiye da yadda ta cancanta. Da 'yar Yaya ta tafi, na buɗe shafinta na duba. Hoton farko shi ne uban yana tsaye a ƙofar rumbu da layu a damtse, a bayansa ga manyan tukwanen da kowa a ƙasar nan ya san abin da ake dafawa a cikinsu. Na ce a raina, in na tura mutanena nan, me za su ce? Sai na ajiye wayar na ce bari in yi tunani.

Bayan mako biyu muka haɗu a kasuwa, ta gaishe ni, ba ta ma tambaya ba, ni na fara cewa ban manta ba, insha Allahu. Azumi ya kama, na ce wa kaina ba lokacin maganar dawa ba ne, sai bayan salla. Bayan salla ta aiko mini da saƙon barka, a ƙarshensa ta ɗan tuna mini cikin ladabi. Na amsa da kalmar nan dai. Sau uku ke nan na ambaci sunan Allah a kan abin da zuciyata ta riga ta ja da baya a kansa. Mahaifina ya koya mini cewa ana faɗin wannan kalma ne bayan an ƙulla niyya, don a miƙa wa Allah abin da ya fi ƙarfin mutum. Ni kuwa na mayar da ita labulen da zan ɓuya a bayansa.

Ana cikin sharar gona ta sake zuwa zaurena. Wannan karon ba ta shiga ciki ba. Ta miƙo mini wayar, ta ce in duba. Wani babban dillalin hatsi ne a birni, mai shafi da mabiya kamar ƙasa, ya buɗe sabon shafi don sayar da iri. Cikin kwana kaɗan ya turo mutanensa suka cika shi, aka ba shi damar zaɓe, ya zaɓi sunan unguwar su Yaya haɗe da kalmar dawa. Sunan da take jira ke nan. Ya ji sunan yana tashe a bakin manoma, ya ɗauka. Adireshi kuwa in mutum ɗaya ya riƙe shi, babu na biyu.

Ba ta ce mini komai na zargi ba. Cewa ta yi dai ta zo ta sanar da ni don kada in wahalar da kaina.

A ranar, kafin la'asar, na rubuta abin da ya kamata in rubuta tun watanni uku baya. Na rubuta shi da ajami da boko, na ce wannan irin maƙwabcina ne, shi nake ci, shi 'ya'yana suka girma a kai, ku bi shafin 'yarsa. Kwana biyu kacal ya ɗauka. Mabiyan suka kai, har suka wuce. Na zauna ina jiran masu zagi, ba su zo ba. Mutum ɗaya ya tambaya ko layun da suke hannun tsohon na sayarwa ne, aka yi dariya aka wuce. Sauran duk tambayar irin suke, yaushe ake shuka shi, yana son jigawa ko fadama. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Abin da na ji tsoro har na bar yarinya tana jira, ashe babu shi.

Aka ba ta damar zaɓe, amma sunan yana hannun wani. Ta rubuta wa masu dandalin ƙorafi. Amsa ta dawo da Turanci, irin wadda na'ura take bayarwa, wai ta turo takardar da ta nuna sunan mallakarsu ne a hukumance. Dillalin yana da kamfani da takardu. Yaya kuwa abin da yake da shi zangarniya ce a saman murhu. A ƙarshe ta ɗauki sunan ta ƙara masa kalmomi biyu da lamba a wutsiya, aka buga a buhu haka nan. Amma duk wanda ya ji sunan a bakin wani ya nema a waya, shafin dillalin yake fara faɗawa.

Da kaka ta yi, muna gona ni da Yaya, wani manomi ya zo daga Musawa a kan babur da dami guda na zangarniya a bayansa. Ya sauke a gaban Yaya, ransa a ɓace. Ya ce ya sayi irin da ake yabo, da sunan unguwar nan a jiki, ya shuka gona guda, wuta-wuta ta cinye rabi, ga abin da ya samu. Yaya ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya daɗe yana kallon ƙwayar. Ya ce wannan dawa ce mai kyau a wata ƙasar, amma ba tasa ba ce, bai taɓa ganinta ba. Mutumin bai yarda da wuri ba. Ya ce suna dai naku ne. Yaya bai yi musu ba. Ya kai shi gida, ya sauko da ɗauri biyu daga cikin zaɓaɓɓun da ya rataye don kansa, ya ba shi, ya ce ya gwada baɗi. Na san abin da ɗauri biyu yake nufi a wurinsa, domin ba ya zaɓen abin da ya wuce bukatar gonarsa da ta masu zuwa.

Da mutumin ya tafi muka koma bakin gamba muka zauna. A nan na faɗa masa komai. Na ce ba mantuwa na yi ba, ba kuma aiki ne ya yi mini yawa ba. Hotonsa na gani da layu da tukwane, na ji kunyar mutanen da ban taɓa gani ba, na fifita bakinsu a kan maƙwabcin da nake cin hatsinsa.

Ya sa hannu ya tsinke ganyen gamba. Sannan ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwan na waya ba, kuma bai ga laifin mutum ya tsare mutuncinsa a wajen jama'arsa ba.

"Amma Ɗan Malam, da ka ce mata a'a tun ranar," in ji shi. "Akwai wani fasto a Funtua da ya ce zai yi mata shela a wajen mutanensu, suna da yawa. Ni na hana ta. Na ce Ɗan Malam ya riga ya ce insha Allahu, a gidansu ba a faɗin wannan a banza, kada ki je ki nemi wani ki kunyata Ɗan Malam."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, ya kuma ce in tashi mu ƙarasa girbin kunyar dawar da muka fara kafin rana ta yi zafi.

Har yau adireshin yana hannun dillalin. 'Yar Yaya tana gaishe ni kamar da, tana turo mini hotunan gonakin da aka shuka irin na gaske, ni kuma ina sa su a shafina duk lokacin da ta turo, ba na jira ta roƙa. Kowace damina dai sai an sami wanda ya sayi na birni yana zaton na unguwar ne, wasu su zo su yi ƙorafi, wasu kuma ba sa zuwa, sai dai su gaya wa maƙwabtansu cewa irin nan da ake yabo ba shi da wani kirki. Waɗannan ba mu san su ba, ba mu da hanyar da za mu kai musu na gaskiyar. Ina neman gafarar Allah a kan rabona a cikin asararsu.