Jakar da ta Kusa Karya Bayan Saverio

Shekara talatin da biyu Saverio ya yi yana dakon jakunkunan baƙi a garin Atrani, daga bakin teku zuwa gidajen da ke maƙale a jikin dutse, inda mota ba ta hawa. Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwa shawara ɗaya yake ba shi: ya cire takalmi mai tsini, ya hau matakala kafin rana ta take. Abin da ke cin ransa shi ne sanin me mutane ke cusawa a jaka don hutun kwana uku. Bai taɓa buɗe ta kowa ba, sai dai ya jinjina ya yi ta canka.

Wata safiya wata tsohuwa, Ortensia, ta iso daga Torino da jaka mai nauyin tsiya. A tsakiyar hawa ya dire ta yana haki.

"Iya, duwatsu kika kawo mana? Ai muna da su!"

Ta yi dariya ta zuge jakar. Turmin dutse ne.

"Na mahaifiyata ne, ɗana. A can saman dutsen nan aka haife ta, da shi ta tafi gidan miji. So nake in daka tafarnuwa a inda ta koya."

Saverio ya shafa turmin, ya tambayi sunan gidansu. Ashe maƙwabtan kakarsa ne. Da ya kai ta ƙofar masaukinta sai ya kirawo yayarsa, suka yini suna tuno mutanen unguwar.