Mabuɗin Motar Alhaji Ummaru

Duk tsawon shekarun da na yi ina tuƙi, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda Alhaji Ummaru ya miƙa mini mabuɗin motarsa a hanyar Goronyo. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku ba ni kunnuwanku.

Alhaji dillalin albasa ne a Wurno, kuma kafin ya samu, shi ma direban babbar mota ne. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, babban ɗansa Nasiru, wanda ke aiki a Sakkwato, ya ɗauke ni in riƙa tuƙa shi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, kada in bar tsohon ya taɓa sitiyari. Ya faɗi nasa ya koma birni, ya bar ni da jidali.

Ranar farko na wanke motar, wata a-kori-kura, na duba mai da ruwa, na miƙa hannu a ba ni mabuɗi. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Sahabi, tun ba a haihe ka ba nike bin hanyar ga. Zagaya ka zamna."

Na zagaya na zauna a kujerar mai zaman banza. A wurinmu ɗan aiki ba ya ƙwace abu daga hannun sa'an ubansa, ko da wa ya aiko shi. Haka muka ci gaba, shi yana tuƙi, ni na zama idonsa. Ya ce, "Mi a gaba?" In ce, "Rami ne, Baba, yi dama kaɗan." A tasha direbobi suka sa mini suna direban da ake tuƙawa. Abin ya yi mini ciwo, har na daina zama cikinsu, sai in sayi tuwona in ci ni kaɗai a bayan mota. Kullum kuma na san ran wani ne muke wasa da shi.

Lokacin cirar albasa, wata safiya muka nufi kasuwar Goronyo. Gari ya waye tangaran. Wata Bafulatana mai jan zane, ɗauke da ƙwaryar nono, ta shigo titi za ta tsallaka. Na ce, "Baba, mutum!" Kafin ya taka birki mun iso kanta. Allah ya taimake ta ta yi tsalle gefe, ƙwaryar ta fashe, nono ya malale a kan kwalta.

Ba ta zage shi ba. Ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "Baba, ido biyu kuma da rana?"

Alhaji ya ba ta haƙuri, ya biya ta ɓarnar da ya yi. Da ta tafi ya daɗe tsaye yana kallon farin nonon nan a ƙasa. Can ya ce a hankali, "Wallahi ban ga kowa ba, Sahabi." Ya kamo hannuna ya sa mini mabuɗin, ya zagaya da kansa.

Na ɗauka zan yi murna, amma ban yi ba. Sau biyu ya ƙara bina, ina ganin ƙafarsa tana laluben birki inda babu birki. Daga nan ya daina fita, sai dai ya aike ni. In tafi Rabah, in tafi Rimawa, ni kaɗai a mota, babu mai tambayata abin da ke gaba. Da la'asar in same shi a zaure shi ma shi kaɗai, ya karɓi mabuɗin yana murzawa, ya ce, "Ramin nan na bayan gada, an cike shi?" In ce yana nan. Sai ya yi murmushi kamar na kawo masa gaisuwar aboki.

Gaskiya ne, wanda ya ɗauki ma'aikaci ya kamata ya sakar masa aiki. Amma idan maigida ya ƙi sakar muku, kada ku yi saurin cewa raini ne. Wani maigidan, aikin nan ne kaɗai ya rage masa.

Alhaji ya rasu da damina ta zagayo. Ramin kuwa har yau ba a cike shi ba, kuma duk lokacin da na iso shi sai in ji bakina ya ce, "Rami ne, Baba."